Sandar tsohon da ke samana

Gwaggo, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Asabar, kaina ya kulle.

Ni saurayi ne mai gyaran waya. Ina zaune ni kaɗai a hawa na biyu na wani dogon bene, irin wanda kowa ya sayi sashensa, matakala da tankin ruwa kuma na kowa da kowa. Sashen na kawuna ne, ya ce in riƙe masa. A gidan nan kowa ya shigo sai ya ja ƙofa ya murɗa makulli. Ni kuwa cikin ƙanne na tashi, shiru ciwon kai yake sa ni. Ga ni da tsokana. Farkon zuwana na musanya takalman hawa na ɗaya da na hawa na huɗu, na zauna a matakala ina jiran a yi dariya. Ba wanda ya yi. Tun ranar matar wani likita da ke gidan ke ce mini "wannan yaron", sallamata ma da hanci ake amsawa.

A samana akwai wani tsoho, tsohon kafinta. Sashen 'yarsa ne, ma'aikaciyar jinya ce, da sassafe take fita. Kunnensa ya yi nauyi. A ƙasa yake ajiye rediyonsa ya ƙure murya, har kofunana rawa suke yi. Bayan asuba nakan yi tilawa, don ita ce kawai abin da na fito da shi daga makarantar allo, ba na so ta zube. Ina tsakiyar sura sai mai karanta labarai ya faɗo mini da farashin man fetur. Ga jan kujera, ga sandarsa ƙwas-ƙwas.

Wata safiya haushi ya ci ni, na ɗauki doguwar sandar share yana na daki silin. Sai na ji ƙwas daga sama. Na ƙara, ya ƙara. Na yi masa ɗan kiɗa, wallahi tsohon nan ya maido mini da shi daidai, har da ƙari. Ashe ba da kunne yake ji ba, a tafin ƙafa bugun ke taɓa shi. Yanzu kullum shi ke farawa, ni in amsa, sannan in fita aiki. Idan mun haɗu a matakala na gaishe shi ba ya jina, sai dai ya ɗaga hannu. Ban ma sani ba ko ya san ni ne na ƙasa.

To kwamitin gidan ya kira taro ranar Asabar. So suke a gaya wa 'yar ta nema masa wani wuri, kuma sun ce ni ne babban shaida tunda ni ke ƙarƙashinsa. Gwaggo, a makon nan shugaban kwamiti ya miƙa mini hannu, matar likita ta ce mini "ƙanena", har kallon ƙwallo aka gayyace ni. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. In na ce ba ya damuna na yi ƙarya, kuma na koma "wannan yaron". In na ce yana damuna gaskiya ce, amma za a ɗauke shi, in daki silin in ji shiru. A duk benen nan shi kaɗai ke amsa mini. Yaya zan yi?

Ɗanki na hawa na biyu

Ɗana,

Na yi dariyar takalman da maƙwabtanka suka ƙi yi, amma kada ka sake. Wanda ya makara aiki yana neman takalminsa ba zai ga abin dariya ba.

Maƙwabtanka suna da haƙƙi. A cikinsu akwai mai jariri, akwai mara lafiya, kuma kai ma tilawarka tana cutuwa. Shi ma tsohon ba da gangan yake yi ba. Mutum ne da aka bari shi kaɗai da rediyo, kamar yadda aka bar ka da sandar share yana. Ba tsohon ne ya kamata ya bar gidan ba, ƙarar ce.

Kada ka jira Asabar. Ka hau sama lokacin da 'yarsa take gida, ka yi sallama, ka gaya mata abin da ake shiryawa. Ba aikin waya kake ba? Ka haɗa masa abin saurare na kunne, ko a ɗauke rediyon daga ƙasa a ɗora kan matashi kusa da kansa, a rage murya. Ku liƙa roba a ƙafafun kujera. Ka kuma ba ta lambarka, ka ce duk safiyar da ba ka ji sandarsa ba za ka hau ka duba. Mace da ke fita ta bar mahaifinta shi kaɗai ta san darajar wannan.

A taron ka faɗi gaskiya duka: rediyo ya dame ka, ga gyaran da aka yi, a ba shi lokaci a gani. Mai yiwuwa "ƙanena" ta ɗan yi sanyi. Ka ci gaba da gaishe su, ka je kallon ƙwallon idan an sake kiranka. Waɗanda suka gode da sauƙin ƙarar za su tuna wa ya kawo shi.

Kuma idan ka hau, ka tafi da sandarka. Ka tsaya gabansa ka buga masa kiɗan nan a ƙasa, ya ga fuskar wanda yake gaisawa da shi kowace safiya.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare maka karatunka.

Gwaggonka