Jan Zaren Man Inna

Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Inna, ya mutanen unguwarmu Kara-Kara? Ni lafiya lau a Kwatano. Aikin bai kai ga zaman buro, wato ofis, ba tukuna, tallar sabulu nake cikin rana, amma ana sabawa. Kada Inna ta ji.

Na ga hoton takardar da Mutari ɗan Kawu ya liƙa wa kwalaben man gyaɗa na Inna. Sunan Faransanci, da hoton zaitun! Wa ya taɓa shuka zaitun a Damagaram? Wai har ya tsinke jan zaren da take ɗaurawa a wuyan kwalba, don ƙauyanci ne. Mutumin da a bidiyon waya ya tsinci duk iliminsa na kasuwanci!

Abin da muka karanta a makarantar kasuwanci shi ne, tambari alama ce da mai saye ke gane kayanka da ita. Matan ƙauyen Gaffati masu sayen man Inna ba sa duba rubutu, "mai jan zare" suke tambaya. In ba su gan shi a kasuwar ranar Alhamis ba, wajen wata za su saya, kuma ba lallai su dawo ba. Abin ya hana ni sukuni.

Don Allah a mayar da zaren kafin ranar kasuwa. Mutari ya liƙa zaitunsa a jikin motonsa.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙanwarka,
Ramatu