Shawarar da na ba Hajiya Rabi

Daren Laraba, Sanyuanli

Na gaji yau, amma barci ya ƙi zuwa. Maƙwabciyata Hajiya Rabi ta tare ni a kasuwa, wai za su Malesiya hutu ita da maigidanta, in ba ta shawara tunda na taɓa zuwa.

Na ce ta riƙe lema, don ruwan can ba ya sallama. Abincin halal ko'ina akwai, sai dai ta ce a rage yaji. Ina cikin magana sai Penang ta dawo min sabuwa. Na tuna ranar da ruwa ya kora mu wani ƙaramin masallaci, ni da marigayi Baban Amira. Wata tsohuwa ta ba mu shayi da soyayyar ayaba, shi kuwa yana ta dariya, rigarsa sharkaf.

Hajiya ta ce, "Yaya Binta, kin yi shiru."

Na ce, "Ku yi hoto tare. Ki ba wani wayar ya ɗauke ku."

Ni teku na yi ta ɗauka. Ɗazu na duba hotunan duka. Sau ɗaya ya fito, nan ma ya juya baya.