Shekarar da Hamidu Ya Zubar da Rumman

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, tare da roƙon Allah Ya sanyaya makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da sai ka nemi mai karanta maka, don kai allo ka sani, boko bai taɓa shiga idonka ba. To, ni na koya. Kada ka yi dariya. Bayan rasuwarka da shekara biyu wata malamar asibiti 'yar Najeriya da ke kusa da mu nan Bani Malik a Jidda ta fara tara mu ranar Juma'a bayan la'asar, mu tsofaffi bakwai, tana koya mana. Layina har yanzu gangarawa yake yi, amma ba wanda ya kama mini alƙalami.

Mutanen gida lafiya lau. Hadiza tana Ammariyya da mijinta, 'ya'yanta uku yanzu. In na yi musu Hausa sai su amsa mini da Larabci, sai dai abinci kam da Hausa suke roƙonsa. Ni ina nan ɗakinmu na da, ina tuyar ƙosai da safe. Takardun zama ba ni da su har yau, yadda ka bar ni haka nake, in na ji jiniya sai na leƙa ta taga.

Amma maganar Hamidu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ɗanka ya yi abin da kai ba ka samu yi ba. Ya koma gida, ya yi fasfo, ya dawo ta ƙofar gaba da iƙamarsa, wato takardar izinin zama. Kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, wani tsoho ne, Ammu Sa'id, mai gonar rumman a wani ƙauye can saman duwatsun Baha, tafiyar rabin yini daga nan. Hamidu ya ce in ka ga wurin sai ka rantse garinmu ne na kan dutsen Bagazam: gonaki hawa-hawa kamar matakala, an tokare kowace da duwatsu, ga sanyi, ga rijiya ɗaya a ƙasa, ga tafkin siminti da suke tara ruwan sama. Kuma ruwansu irin namu ne, wata huɗu kana da shi, sauran watannin kana lallaɓa shi.

Ban yi murna ba, Malam. Ni kanti na so ya samu, mai na'urar sanyi, ya zauna kan kujera. Me na tsere wa in ɗana zai koma kan dutse yana leƙen gindin rijiya?

Ka tuna shekarar da idon ruwanmu ya ja baya, har layin ban ruwa da ke zuwa mana duk kwana biyar ya koma kwana goma sha biyu? Ka tuna safiyar da ka ɗauki kwando ka shiga lambu ka fara tsinke 'ya'yan rumman tun suna kamar ƙwan zabo? Ni ban manta ba, don abin da na yi maka. Na biyo ka har bakin ido, gaban 'yan'uwanka da matansu, na ce ka haukace. Na ce mutane na roƙon Allah Ya ba su, kai kana zubar da wanda Ya ba ka. Na ce ragwanci ne, ɗaukar ruwa kake gudu. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce mini kawai itace in ruwa ya yi masa kaɗan kuma aka bar masa 'ya'ya, zai yi ta ba su ruwan jikinsa har ya bushe, gara a rasa amfanin shekara ɗaya da a rasa itacen shekara ashirin. Ka juya ka ci gaba da aikinka.

Da shekara ta zagayo, itatuwanka duk suka yi fure. Na maƙwabta rabi sun zama makamashi. Na gani da idona. Na ce maka wani abu? Ban ce ba. Na kawo maka abinci, na ajiye, na yi shiru, kamar ba ni ce na tsinka ka a bainar jama'a ba. Maimakon in ba ka haƙuri sai na dage mu zo umra, da muka zo na dage mu zauna. Kai da kake auna ruwa da ƙwarya, ka ƙare kana riƙe da tiyo a gidan wani attajiri kana shayar da ciyawar da ko akuya ba za ta ci ba. Ba ka taɓa goranta mini ba. Da ma ka goranta, da na fi samun sauƙi.

To, bana ruwan bazara bai sauka a duwatsun Baha ba. Tafkin ya koma laka, rijiyar kuma sai a ja ta minti kaɗan injin ya fara shan iska. Ammu Sa'id yana nan Jidda an yi masa aiki a ƙugu, yana kwance gidan 'yarsa a Madain Fahd. Babban ɗansa, wanda ke aikin ofis a Riyad, shi ke ba da umarni ta waya. Ya ce wa Hamidu ya shayar da kowane itace, kada ya taɓa komai, za a riƙa turo wayit, motar ruwan nan. Wayit ta zo sau biyu, daga nan ba a ƙara ganinta ba, don kowane ƙauye nema yake, kuma ko ta zo ba ta iya hawa gonakin sama, inda tsofaffin itatuwan da uban Ammu Sa'id ya dasa suke.

Hamidu ya kira ni. Ya ce Inna, ganye ya fara naɗewa, zan yi abin da Baba ya yi. Ban san ma ya riƙe abin a ransa ba. Malam, ka san me na ce masa? Na ce kada ya kuskura. Na ce gonar ba ta ubansa ba ce, in itatuwan sun mutu fari ne ya kashe su, ba wanda zai kama shi, amma in ya sa hannu shi za a kama. Na yi kuka, na haɗa shi da nonon da ya sha. Ka ga, shekara ashirin da wani abu, ban canja ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce in yi masa addu'a, ya kashe waya. Wannan shirun ma naka ne.

Kwana uku yana tsinka. Ya jera duwatsu a gindin kowane itace don kada rana ta shanye damshi, ya raba ɗan ruwan rijiyar yana hawa da shi a jarka. A kwana na biyar ɗan tsohon ya iso ba sanarwa, ya tarar da ƙasa shimfiɗe da ɗanyen rumman. Ya ɗauki hotuna. Ya kira Hamidu da sunayen da ba zan rubuta ba. Ya ce halas, zai buga masa huruj, a fitar da shi daga ƙasar ba dawowa, kuma ya gode wa Allah da bai kira 'yan sanda ba. Ya ce kada kowa ya gaya wa tsoho, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Kwana biyu ban kunna wuta ba. A na uku na yafa abayata na ce wa Hadiza yalla, ta raka ni Madain Fahd. Ta ce Inna kin san shingen 'yan sanda da ke hanya kuwa? Na sani. Ni da ban taɓa wuce kasuwar unguwa ba sai dole, na shiga mota ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga bayi, don ta ƙare mini.

'Yar tsohon ta so ta tsayar da mu a ƙofa, ta ɗauka sadaka muka zo nema. Shi ya jiyo mu daga ciki ya ce a shigo da mu. Wani ɗan siririn tsoho ne, hannuwansa kamar naka, duk sun faffashe. Larabcina na kasuwa ne, don haka ina faɗa da Hausa Hadiza tana juyawa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na ga fuskarsa ta canja lokacin da ya ji an tsinke na gonakin sama. Sai na ji bakina yana faɗin maganarka, ta itace da ruwan jikinsa, kalma bayan kalma, maganar da na yi wa dariya a bakin ido.

Sai ya tambaye ni abu ɗaya: duka ya tsinke, ko ya bar wani abu?

Malam, ban taɓa taka gonar nan ba, kuma Hamidu bai gaya mini ba. Amma na ga naka. Na ce ya bar uku a kowane itace, a reshe mai kauri, ta gefen da ranar yamma ba ta dukansa. Ya ce don me? Na ce su ne ma'auni. In ya zagaya da safe, itacen da 'ya'yansa uku suka fara yamushewa shi ya fi ƙishirwa, shi za a fara ba, ba sai an raba ruwa daidai kowa ya samu abin da ba zai ishe shi ba. Na faɗa kamar na gani. Hadiza tana juyawa tana harara ta, don ta san ban gani ba.

Tsohon ya sa aka miƙo masa waya, ya kira wani maƙwabcinsa a ƙauyen, ya ce ya hau gonar sama ya ƙirga masa. Muka zauna. An kawo shayi. Ina ta tunani, in fa yaron nan bai lura da wannan ba? In fa rabin aikinka kawai ya ɗauka? Da na zo ceto na ƙara masa da uwa maƙaryaciya. Na roƙi Allah, kuma kada ka ji haushi, kai ma na roƙe ka a zuciyata, ko da yake na san ba ka da ikon komai.

Wayar ta yi ƙara. Uku ne, Malam. Uku a kowane itace, ta gefen inuwa.

Tsohon ya rufe ido ya yi wata 'yar dariya. Ya ce ubansa ya taɓa yin haka a wata shekarar fari yana yaro, amma shi biyu yake bari, ashe mutanenmu sun fi su kyauta. Nan take ya kira ɗansa, muna zaune. Hadiza ta ce ba duka za ta juya mini ba. Abin da ta yarda ta faɗa shi ne, ya ce masa shi da ya san ruwa a bakin famfo kawai, ya bar maganar itace ga masu ita, kuma kada a taɓa takardun Hamidu sai ya hau da ƙafarsa ya gani. Bai ce ya yafe ba. Ya ce sai ya gani.

Wata biyu da rabi muna jira. Kullum da safe sai na kira Hamidu in tambayi lafiyar itatuwa kafin in tambayi tasa, har ya fara yi mini tsiya wai yaushe na zama sarkin noma. Itatuwa biyu sun mutu a can ƙarshen gona, ba zan ɓoye maka ba, ranar ko ƙosai ƙonewa ya yi. Sauran suka tsaya. A gonakin maƙwabta da ba a tsinke 'ya'yan ba, rumman ya tsattsage ya zube da kansa, itatuwa da yawa suka bi shi. Da tsohon ya samu ƙafa aka hau da shi. Hamidu ya ce ya bi gonar hawa-hawa da sandarsa yana kankare ɓawon kowane itace da farce don ya ga kore, har ya kai na ƙarshe. A makon nan aka sabunta iƙamar. Yanzu maƙwabtan da suka ce baƙar fatan nan ya lalata gonar mutane su ke aikowa ya zo ya duba musu abin da ya rage.

Kada ka ɗauka hankalina ya kwanta. Ruwan da aka yi daga baya kaɗan ne, tafkin ko rabi bai kai ba, ɗan tsohon kuma har yau ba ya amsa gaisuwar Hamidu. Tsoho ba ya dawwama. Wa ya san baɗi? Amma ko gobe aka kore shi, na san irin ɗan da na haifa, na kuma san wanda ya yi shi haka, kuma ba ni ba ce.

Ka yi gaskiya a bakin ido, Malam. Ni na yi kuskure. Ka yafe mini wannan, da ciyawar attajiri, da duk shekarun da na yi shiru.

Saura abu ɗaya. Shekaranjiya Ammu Sa'id ya sa Hamidu ya kira ni, ya karɓi wayar da kansa. Ya ce ya hajja, zai sauka Makka umra, yana so ya yi wa wanda ya koya wa yaron nan aiki addu'a, mene ne sunansa? Hamidu yana tsaye kusa da shi, da ya so da shi zai tambaya. Amma ni ya tambaya. Shekara talatin da ɗaya muna tare sunanka bai taɓa fita daga bakina ba, ko a bayan idonka. Na waiga, ba kowa a ɗakin. Na faɗa masa, da naka da na mahaifinka. Bai ji da kyau ba, kunnensa ya yi nauyi, sai da na maimaita da ƙarfi har maƙwabciyata ta leƙo.

Ba zan rubuta shi a nan ba. Kunyar da na sha ta isa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa Aljanna ce makomarka, Ya shayar da kai daga ruwan da ba a jiran layi. Sai na zo.

Ni ce matarka,
uwar Hamidu da Hadiza,
daga Bani Malik, Jidda.