Kaskon Mutanen Sifaniya

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Wata tsohuwar Baturiya ta sauka daga zemijan, wato ɗan acaɓa, a ƙofar gidan ƙungiyarmu ta 'yan Zongo. Sunanta Madam Pilar. Wai babanta da wasu masunta 'yan Sifaniya ne suka gina gidan, ya zama ƙungiyarsu, kafin su watse su bar wa iyayenmu. Ta ga ƙaton kaskon da nake suyar biki a ciki, ta fashe da kuka. Kan kasko!

Laraba, 6

Alhaji Abdoul-Wahab, shugabanmu, ya ce tana so ta tafi da kaskon ƙasarsu. "Hajiya Larai, kayan ubanta ne." Na ce shekara ashirin ina wanke shi, ubanta bai zo taya ni ba. Raina ya ɓaci sosai.

Juma'a, 8

Ta kawo hotuna. Wai duk Lahadi su babanta suna dafa shinkafa a kaskon, duk baƙon da ya sauka daga jirgin ruwa ya ci, a nema masa ɗaki da aiki. Bibata, mai taya ni girki, ta ce, "Yaya, ai abin da muke wa 'yan Gaya da Dosso ke nan." Na ci gaba da duba hotunan.

Lahadi, 10

Madam Pilar ta ce bari ta dafa mana sau ɗaya kafin a naɗe mata kaskon. Kifi, jatan lande, tattasai. Na ga ta zuba shinkafa ta koma ta zauna, sai na ɗauki ludayi zan juya. Tsohuwar nan ta buge min hannu! "Non, non, Hajiya!" Ashe ba a juyawa, ƙanzon ake nema. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni ma na kasa daurewa. Direbobin ƙungiyarmu suka shigo, mutum arba'in muka zagaye shi, aka kusa faɗa kan ƙanzo. Rabona da daɗi irin wannan na manta.

Talata, 12

Na wanke shi tas, na shafa mai, na kai mata masaukinta a unguwar Cadjèhoun da kaina. Ta dawo da shi da yamma. Wai a can rataye shi za a yi a bango, nan kuwa yana kan wuta.

Lahadi, 17

Ta tafi jiya. Baƙi uku sun sauka daga garin Malanville, na ɗora shinkafa. Ban juya ba. Bibata tana ta kallona tana murmushi, na ce mata kafaɗata ce ke ciwo.