Itacen Wankan Bara'atu

Ƙofar Rini, Sakkwato, 9 ga Rajab, 1268

Zuwa ga aminina Tukur, a Gwandu.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da malaminka. Ya karatu? Allah shi ƙara basira.

Ƙanwarka Bara'atu ta sauka, mun samu ɗiya, jiya anka raɗa mata suna Sadiyatu. Sai dai Tukur, hankalina a tashe yake. Ta zubar da jini ba kaɗan ba wurin haihuwa, ga shi mahaifiyarku Inno ta sa ta wankan jego safe da marece. Ruwa na tafasa ake fyaɗa mata shi da ganye, ta fito a kwantar da ita bisa gadon ƙasa da garwashi ƙarƙashinsa. Yayata Hasana, da ke taya su zama, ta ce sau uku ke nan Bara'atu na miƙewa daga wanka sai ta yanke jiki ta faɗi.

Ka san ni wanzami ne ɗan wanzami, jini ba baƙona ba ne. In za mu yi wa mutum ƙaho, wurin muke fara gasawa, don zafi na buɗe jijiya, jini ya taso bisa fata. Wanda kuwa ya rasa jini, jikinsa da kansa ke tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa, ya tara ɗan abin da ya rage ga zuciya da kai. Shi ya sa tafin hannunta ke sanyi. Inno ta taɓa, ta ce sanyi ke son shigarta, ta sa anka ƙara wuta. Jiya na kama wuyan hannun Bara'atu, bugun siriri kamar zare, sai gudu yake. Wallahi na tsorata.

Ni suruki ne, ko ido ba ni iya haɗawa da Inno, balle in ce ta yi kuskure ga abin da ta yi haihuwa tara tana yi. Kai kaɗai take jin maganarka. Don girman Allah ka rubuto mata ta sassauta ruwan nan.

Naka,
Junaidu

16 ga Rajab

Aminina Tukur,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya karatu, ya mutanen Gwandu? Har yau ban ga amsarka ba, kullum idona na kan hanya.

Na aiki Hasana ta yi wa Inno bayani. Dariya ta yi, wai yaushe mai aska ya san jego. Ƙafafun Bara'atu sun fara kumbura, ko nono ba ta iya ba ɗiyar a zaune.

To, na yi abin kunya, gara ka ji daga bakina. Ka san miji ke kawo itacen wanka. Wata biyu ina ƙetara Rima ina saro kirya, na jibge ta ƙofar gidanku har ta fi danga tsawo, masu wucewa na sa mini albarka, ni kuwa ina ta washe baki, wawa. Shekaranjiya da hantsi na zo da jakai biyu na kwashe ta kaf, na kai gidanmu. Yanzu duk unguwa zancena ake, wai Junaidu ya hana matarsa itacen jego. Wasu sun daina kawo mini kansu aski. Su yi ta faɗa!

Kwana biyu ba a hura wuta ba. Hasana ta ce yau Bara'atu ta tashi zaune da kanta, ta sha fura, jiri bai ɗauke ta ba, har ta tambaya ko na ci abinci. Da na ji haka sai da na yi kuka. Amma Inno ba ta haƙura ba. Tukur, ka aje littafin nan ka taho, ko ka aiko da layi biyu.

Naka cikin damuwa,
Junaidu

21 ga Rajab

Tukur,

Assalamu alaikum. Ina fatan wagga takarda ta same ka lafiya. Ka yi haƙuri da abin da za ka karanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Bara'atu ta rasu shekaranjiya.

Maƙwabta ne sunka tausaya wa Inno. Kowane gida ya aiko da dami guda, don Allah sunka yi, ba su so a ce ɗiyar unguwa ta rasa wanka. Inno ta ce sai an rama na kwanakin da anka rasa. Ina rumfa ina aski na hango hayaƙi bisa gidanku. Na yar da aska, na bar mutum da rabin kai, na sheƙa.

Ga abin da ke cina. Da na iso zaure, tsayawa na yi. Na yi sallama sau uku ina jiran a ba ni izini, kamar yadda na saba a gidan surukai. Ina jin ƙarar ganye bisa jikinta, ƙafata ta ƙi ƙetare dokin ƙofa. Sai da na ji salatin Hasana na faɗa ciki. Na shimfiɗe ta, na ɗaga ƙafafunta, na yayyafa mata ruwan randa. Jikinta ja wur, da zafi, jijiyoyi duk sun taso. Na nemi bugun nan siriri, ban same shi ba.

Takardarka ta iso jiya, wadda ka ce wa Inno ta bar ruwan zafin nan, zai iya kashe Bara'atu. Ban ba Inno ba, kuma ina roƙonka kada ka gaya mata abin da ke ciki. Tana zaune rungume da Sadiyatu, tana ta cewa da ba a tsallake kwanakin nan ba da ɗiyarta na raye. Na bar ta a kan haka, ni take zargi, kuma zan iya ɗauka.

Da za a rufe kabari anka nemi itacen da za a jera, mai ƙarfi wanda gara ba ta ci. Na ce akwai kirya a gidanmu. Ni na ɗauko ta da kaina.

Ka taho, Tukur. Ka yi mata addu'a.

Naka,
Junaidu