Abin Da Ke Cikin Farin Ƙyalle

Maniru,

Kafin ka dawo daga Kajiji na tafi Sakkwato asibiti, motar albasa za ta rage min hanya.

Ga abin da ya faru. Na taso daga suna ban cire babbar riga ba, na wuce shago don in ƙarasa bencunan garin Shagari na bikin 'yancin kai. Ka san injin nan mai huda katako a karkace don kan sukuru ya ɓuya, sai ka danne katakon da hagu. Bel ɗin da ke juya injin ya kama hannun rigar, ya ja ni. Babban yatsana na hagu ya fita. Ban ji zafi ba, har yanzu ma ban ji ba. Tsayawa na yi ina kallon ramin katakon, ya fita daidai.

Inna ta ɗauka yanka ne kawai, ka bar ta a haka sai na dawo. Ko zan sake riƙe katako, sai abin da likita ya ce.

Abu ɗaya nake so. Yatsan na cikin farin ƙyalle, bisa tagar ɗakina. Ka kai shi maƙabarta ka rufe kafin magariba, kada kaji su gan shi. Na tambayi Malam Ɗanliti ko ana yi masa salla, ya ce, "Kabiru, wa za a sallata, mai shi na tsaye gabana?"

To, ka rufe shi hakanan.

Yayanka,
Kabiru