Batirin mita ne ya yi sanyi

Haisam ƙanena,

Bayan fitarka na sake auna rizistocin cikin amfilifayarmu mai kwalabe, na'urar ƙara sautin da muke haɗawa. Ashe batirin mitar awon ne ya yi sanyi, shi ya sa allurarta ke nuna ƙarya. Da na sa sabo, komai ya fito daidai. Ba ka ƙona komai ba. A banza na zage ka gaban Inna. Don Allah ka yafe mini.

Motar da za ta kai mu sansanin soja tana tashi daga tashar kasuwar Suk al-Shabi kafin azahar, ba zan iya jiranka ba. Ka ƙarasa haɗin kafin bikin ƙanwarmu Zulaiha.

Na so a ce tare za mu fara kunna ta.

Yayanka,
Ubaidullahi